Mun Kai Baba, Aka Riƙe Yaya

Ni mutum ce mai mantuwa, 'ya'yana ma sun shaida. Sai in yi ta faɗa da mutanen gida a kan makulli, alhali yana ɗaure a bakin zanena. Amma ranar da muka raka Baba asibiti a duba masa ido, likita ya sallame shi ya riƙe yayata, wannan kam ko daga barci aka tashe ni zan ba da labarinta tiryan-tiryan. Ba zan manta da ita ba har in koma ga Allah.

A Hausari muka tashi, cikin Maiduguri. Baba yana da rumfar huluna a Kasuwar Litinin, matan gidanmu kuwa duk ɗinkin hula suke yi, irin hular zannan nan da ake cike ta da zare har ƙyallen ya ɓace. Inna tana yi, Goggo ƙanwar Baba tana yi, Yaya kuwa ta fi su duka. Ni ma an so in koya, hannuna ya ƙi, bakina ne kaɗai yake aiki. Tun ina ƙarama ba na ganin abu in wuce sai na tambaya, har Goggo takan ce da tambaya ana sayar da ita da tuni na gina wa Baba bene.

To, abin tambaya kuwa Allah ya ba ni a gida. Yaya tana aji uku na firamare, wajen tsakiyar shekarun saba'in, ciwon suga ya kama ta. Ta rame, tana shan ruwa kamar ba gobe, har wata rana ta faɗi aka kwashe ta sai asibiti. Da aka faɗi sunan ciwon mutanen unguwa suka ƙi yarda, wai ina yarinya ina suga, ai ciwon manyan alhazai ne masu teɓa. Ni dai na buɗi ido na ga Yaya tana yi wa kanta allura kullum. Sirinjinta na gilashi ne, a wata 'yar tukunya take dafa shi. Kwalbar maganin kuwa, da yake ba mu da firji, a cikin jiƙaƙƙen yashi take binne ta a gindin randa saboda zafin garinmu. Akwai kuma gwajin fitsari da take yi, ruwan ya tashi daga shuɗi ya koma kore, wata rana har ruwan goro. Nakan tsuguna in zuba mata ido. Me ya sa yau kore? Me ya sa jiya ba haka ba? Ba ya miki zafi? Sai ta ce, "Ke dai matsa, kina tare mini haske."

Haka ta girma da abinta, ta yi aure a bayan layinmu, ta haifi 'ya mace. Kullum da hantsi za ta naɗo lafayarta, dogon mayafin nan na matan Borno, ta zo gida, a shimfiɗa tabarma a ƙarƙashin darbejiyar tsakar gida a hau ɗinki. Mun saba da ciwonta har mun daina ganinsa a matsayin ciwo. Yaya ai ita ce mai lafiyar gidan, ita ake kira idan wani ya kwanta.

Ba wai ba mu taɓa jin cewa suga yana taɓa ido ba. Mun ji. Sai dai gidanmu yana da nasa gwajin, kuma duk gidan masu ɗinki a unguwar haka suke yi: a miƙa maka allurar ɗinki da zaren siliki. Idan ka zura zaren a kafar allura, idonka garau, magana ta ƙare. Goggo ce ta fara faɗuwa wannan jarrabawa, Inna ta bi baya. Duk wadda zarenta ya ƙare sai ta miƙa wa Yaya, ita kuma ta lashi bakin zaren, ta ɗan karkata kai, ta zura shi karo ɗaya ta mayar. Inna takan ce, "Alhamdu lillahi, ciwon nan dai ya bar mata idonta." Kowa ya ce alhamdu lillahi, a ci gaba da hira.

Ana nan sai shi ma Baba, ya doshi sittin, aka ce ya kamu. Kai, ranar an ga tashin hankali a gidanmu. Yaya da ta shekara goma sha wani abu tana fama ba wanda ya yi kuka, amma Baba yana dawowa da ƙwayoyinsa Goggo ta ɗora hannu a ka. Yaya ce ta zama malamarsa. Ta hana shi shayinsa mai kauri, ta rage masa malmalar burabusko, ya yi ta mita yana cewa, "Ni na haife ki ko ke kika haife ni?" Ita kuma ta ce, "A wannan fannin dai, Baba, ni ce babba." Da wasa take faɗa. Ba wanda ya tsaya ya auna maganar, har ni mai tambayar.

Bayan kamar shekara uku, a farkon shekarun casa'in ke nan, Baba ya fara ƙorafin yana ganin hazo-hazo. Wai sai ya kai hula bakin rumfa kafin ya bambance ruwan toka da shuɗi mai haske. Nan fa gida ya rikice, suga ya sauka wa Baba a ido. Aka sa rana. Yaya za ta raka shi domin ita ta san kan asibiti, ta san inda ake yankar kati da yadda ake magana da ma'aikata. Ni kuwa, lokacin na gama sakandare ina zaman jiran sakamako, na maƙale sai an tafi da ni. Ba don tausayin Baba ba ne kaɗai, in faɗi gaskiya. An ce mini akwai wata fitila da likita yake leƙa cikin idon mutum da ita, ni kuma ina so in ga yadda ake leƙa cikin abin da ba shi da ƙofa.

Muka shiga tasi muka tafi. Layi ya yi tsawo, duk tsofaffi, kowa da ɗan rakiyarsa. Yaya ta zauna a benci ta ciro hular da ta fara daga jaka ta ci gaba da ɗinki, don ita ba ta iya zaman banza ba. Wata nas ta zo ta ɗiga wa Baba magani a ido, ta ce a jira. Jim kaɗan na duba na ga baƙin tsakiyar idonsa ya buɗe ya yi faɗi kamar na mage. Na ce, "Sista, me ya sa ya yi haka?" Ta ce taga ce suka buɗe don likita ya ga ciki. Na ce to za ta rufu? Ta yi dariya ta ce in kwantar da hankalina, zuwa yamma. Baba ya ce, "Ki yi haƙuri da ita, 'yata, haka Allah ya yi ta."

Likitan wani dogo ne ɗan kudancin Borno, mai magana a hankali. Ya gaida Baba da "wushe", Baba ya amsa masa da Barbarci, suka ɗan taɓa, sannan suka dawo Hausa. Ya rage hasken ɗakin, ya ɗauko 'yar fitilar, ya matso har goshinsu ya kusa haɗuwa. Ya jima yana kallo. Da ya ɗago sai ya ce, "Baba, bayan idonka lafiya lau a yanzu. Yanar ido ce ta fara fitowa, irin ta shekaru, ba ta kai a taɓa ba. Za mu ba ka tabarau, ka riƙa zuwa duk shekara muna dubawa." Ya tambayi wane magani yake sha, Baba ya juya ya kalli Yaya. Ita kuwa ta zayyano komai, sunan ƙwayar, lokacin sha, abin da yake ci da abin da yake sata ya ci.

Likita ya ce, "Malama, a asibiti kike aiki?"

Ta ce, "A'a, likita. Ni ma ina da shi ne."

Ya ajiye biro. "Tun yaushe?"

"Tun ina firamare."

"Allura kike yi?"

"Kullum."

"An taɓa ɗiga miki maganin nan an duba bayan idonki?"

Sai muka yi dariya, mu duka uku. Wallahi har yau ina jin kunyar dariyar nan. Baba ya ce, "Likita, wannan ai ita ce idon gidanmu. Ita take zura wa kowa zare. Dubi aikinta." Ya karɓi hular daga hannunta ya miƙa masa da alfahari. Likita ya jujjuya ta, ya yaba, sannan ya ce, "To zura in gani."

Ta zare zaren, ta lasa, ta karkata kai, ta zura. Karo ɗaya, kamar kullum. Ni har na gyara tsayuwa, ina jiran ya ba mu haƙuri.

Ya ce, "Madalla. Na ga kin rufe idon hagu. Yanzu buɗe shi, ki rufe na dama."

Ban taɓa lura ba. Shekara da shekaru ina zaune a gabanta, ni da ake ce wa ba abin da ke wuce ni, ban taɓa lura cewa ido ɗaya take rufewa kullum ba. Kuma wa zai lura? Kowa idan zai zura zare yana kanne ido, Inna tana yi, Goggo tana yi. Ba wanda ya taɓa tambayar wanne ake kannewa.

Yaya ta sa tafin hannu ta rufe na dama, sai ta ga ba hannun riƙe allura, ta sauke ta runtse shi kawai. Ta ɗaga allurar. Ta matso da ita, ta nisanta. Zaren ya wuce ta gefe. Ta sake, ya wuce ta ɗaya gefen. Ta ce, cikin wata murya da ban san ta da ita ba, "Ban ga kafar ba. Allurar ma a lanƙwashe take." Ta juyo wajena da idon nan ɗaya, ta ce, "Ke, matso." Na matso. Ta kalli fuskata, ta buɗe ɗayan da sauri.

Aka ɗiga mata magani, muka koma benci. Baba da aka kawo, ga shi zaune da takardar tabarau a hannu yana ta jan carbi, mai rakiya kuma ita ake jira. Ta ɗauko hular za ta ci gaba, maganin ya hana ta gani, ta mayar jaka. Ni kuwa tambayoyi sun cika mini ciki har ina jin kamar zan fashe.

Da aka sake kiran mu ya duba ta, ya fi daɗewa a kanta fiye da Baba. Yana gamawa ban jira ba, na ce, "Likita, don Allah ni ban gane ba. Baba ne tsoho. Ita ko talatin ba ta kai ba. Yaya aka yi ciwon ya tsallake shi ya kama ta?" Baba ya daka mini tsawa, likita ya ce a bar ni, tambayar ke nan da ya so a ce kowa yana yi.

Ya ce ciwon suga ba ruwansa da shekarun haihuwa, shekarun da ya yi a jikin mutum su ne abin dubawa. A can bayan ido akwai jijiyoyin jini sirara, sun fi zaren da ke hannun Yaya sirantaka nesa ba kusa ba. Duk lokacin da suga ya hau yana ɗan cin su, kaɗan-kaɗan, har su fara yoyo. Wanda ciwon ya kama tun yana yaro, kafin ya kai talatin jijiyoyinsa sun sha wuyar da na Baba ba su sha ba tukuna. Ga shi kuma irin na yara ya fi wuyar saitawa, yau ya hau gobe ya sauka, balle a shekarun balaga. Ya ce shi ma Baba ba wai ya tsira ba ne, don irin nasa yakan daɗe a ɓoye kafin a gano, shi ya sa ake duba su tun ranar farko. Amma Yaya ya kamata a ce an fara leƙa idonta tun shekaru da yawa da suka wuce.

Na ce, "To me ya sa bai yi mata ciwo ba? Ko ja bai taɓa yi ba."

Ya ce wurin ba ya ciwo, kuma daga waje ba a ganin komai. Ido ɗaya yana lalacewa ɗayan yana rufa masa asiri, mutum bai sani ba.

Na buɗe baki zan ƙara wata, Yaya ta riga ni. Ta ce, "Na daman fa?"

Likita ya juya wajenta. Ya ce na hagu tsakiyarsa ta riga ta taɓu, ba ya jin zai dawo yadda yake. Na dama yana gani sarai, amma shi ma abin ya fara, wasu sababbin jijiyoyi marasa ƙwari sun tsiro, kuma irinsu sukan fashe ba sallama, jini ya rufe gani. Akwai aikin da ake yi da wata na'ura mai haske, a ƙone wuraren da suka lalace don a tsare sauran. Su ba su da ita, sai an je Kaduna. Ya ce kada a ɗau lokaci.

A gida aka yi ta ta ƙare. Inna ta ce sam. "A ƙona ido? Idon da yake gani? Wanda ya mutu ba su ce za su gyara ba, sai mai ran za su sa wa wuta? Ba da 'yata ba." Goggo ta goya mata baya, ta kawo labarin wani da aka taɓa wa ido ya dawo da sanda. Aka ce a sa kwalli mai kyau, a nemi rubutu a wanke. Mijin Yaya ya ce shi duk abin da iyaye suka yanke. Ni kuwa na bi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya ina sa su rufe ido ɗaya su kalli ƙofa, har mai kawo mana ruwa bai tsira ba. Goggo ta ce in na ƙara matso ta sai ta kwaɗa mini muciya.

Gaskiya ni ma maganar Inna ta shige ni. Ta yaya ƙuna za ta zama magani? Na yi ta juya abin a raina, kuma na ji tsoro ƙwarai, don idan aka taɓa na daman ya tafi, Yaya ba ta da wani.

Kwana biyu ana wannan ja-in-ja. A rana ta uku, muna zaune a tabarma da hantsi, Inna ta miƙa wa Yaya allura kamar yadda ta saba, ina jin don ta nuna mana cewa komai lafiya. Yaya ba ta karɓa ba. Ta kamo hannun Inna ta ɗora a kan idonta na dama, ta danne da nata hannun.

Ta ce, "Inna, kalle ni. Ina ganin ɗankwalinki. Ina ganin kafaɗarki da bangon da ke bayanki. Fuskarki ce babu. In na daman ya bi shi, haka zan riƙa ganin 'yata."

Inna ta janye hannunta kamar ta taɓa garwashi. Ta tashi ta shiga ɗaki. Da ta fito idonta ya yi ja, ta ce wa Baba, "Malam, yaushe motar take tashi?"

Baba ne ya kai ta, shi da mijinta. Wannan karon shi ne ɗan rakiya, da sabon tabaransa. Ni an hana ni, wai zan ishi likitocin Kaduna su koro su. Da suka dawo ko lafayarta ba ta warware ba na tsare ta: yaya abin yake, da zafi, kin ji ƙauri? Ta ce ba wuta ba ce irin tamu, walƙiya ce ake ta yi mata a ido, tana ɗan tsikara, bayan nan kai ya yi ciwo. Ta koma sau da dama kafin a gama. Na hagu bai dawo ba, kamar yadda aka faɗa. Na dama ya tsaya. Ganinta na gefe ya ragu, da magariba kuma sai an riƙe mata hannu a lungu, amma ta ci gaba da ɗinki shekaru masu yawa, sai dai ta koma zane mai manyan gidaje. Ta ƙara tsanantawa a kan sugan, ba ta kuma taɓa fashin zuwa a duba ta ba.

Akwai tambaya ɗaya da har yau ban samu amsarta ba. Na tambaye ta yaushe ta fara rufe na hagun, ta ce wallahi ba ta sani ba, jikinta ne ya zaɓa mata bai gaya mata ba. Nakan zauna in ce da an leƙa shekara biyar kafin nan fa? Allah kaɗai ya sani, amma abin yana ci mini rai.

Abin da ranar nan ta koya mini shi ne, mun tsaya muna kallon furfura, ciwon kuwa tsawon zamansa yake ƙirgawa. Mun kuma ɗauka wanda ya iya zama da ciwo ya fi ƙarfinsa, muka bar mai kula da kowa ba mai kula da ita. Shi ya sa yanzu, ko a gidan biki ne, in na ji an ce yaron wance ko 'yar wane tana da suga, sai na matsa na ce tun yaushe, kuma an ɗiga magani an leƙa bayan idon? In aka ce ai yana gani garau, sai in ce ba abin da na tambaya ke nan ba. Wasu su ce na cika shisshigi, su ce ɗin. Yayata tana nan da ranta, ta tsufa, jikokinta in sun shigo takan juyo da gefen dama ta kira kowa da sunansa tun kafin ya yi magana.